Ranar da Na Zama Gawar Aji

Ina da jikoki na shiga kwalejin addini a Dungu, burina in zama mai yi wa matan unguwar Kaladan wanka da sutura in sun rasu. Ranar darasin likkafani, Malama ta nemi wadda za ta kwanta a matsayin gawa. 'Yan matan ajin suka noƙe.

Na ce, "Ku matsa, matsorata. Ni da na rufe idon mijina da hannuna."

Na miƙe a tabarma, aka lulluɓe ni da farin yadi. Fanka na kaɗawa, muryar Malama na ƙara nisa. Sai ga ni cikin wani lambu, mangwaro na sunkuyo mini, madara na gudu kamar rafi, gwiwata ta daina ciwo.

Aka taɓa kafaɗata. Na buɗe ido, fari ko'ina. Ban jira tambaya ba, na ce, "Allah ne Ubangijina, Musulunci ne addinina."

Malama ta ce, "Wannan kin ci, Mma. Tashi ki nuna mana ɗaurin da na koyar kina minshari."

Ban iya ba. Sai da na maimaita darasin.

Har yau in na shigo aji, yaran nan sukan durƙusa da ladabi: "Mma, sannu da dawowa. Ya mutanen can?"