Rasuwar Mabel, Motar Gidan Tackett

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta, ya kuma rage wa haushi ɗan wuri a gefe, iyalan gidan Tackett na garin Ashgrove ke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar Mabel, motar Corinne Tackett, ɗalibar aikin jinya 'yar shekarar ƙarshe a jami'ar jiharmu. Mabel ta cika ne ranar Juma'ar da ta gabata, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a filin ajiye motoci na shida, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana da shekara ashirin da biyu a duniya, da mil dubu ɗari biyu da casa'in da ɗaya a ƙafafunta. Ni Loretta, ƙanwar mahaifin Corinne, ni na rubuta wannan sanarwa, kuma babu wanda ya sa ni.

Gara a faɗi mai zafin tun yanzu. Marigayiya ta tafi ta bar tarar dala ɗari biyar da ashirin, jami'a kuma ta ɗora kuɗin a kan sunan Corinne ta rufe mata rajista. Idan ba a biya ba kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a mai zuwa, Corinne ba za ta shiga zangonta na ƙarshe ba. Za a ba wani gurbinta, ta jira shekara guda. Masu ba da bashin karatu kuwa ba su san jiran shekara ba. Wata shida suke ba wanda ya bar aji, sannan su fara aiko da takarda, kuma sunan yayana Dale yana kan takardar nan kusa da na 'yarsa.

Dale ne ya sayi Mabel na hannu, lokacin Corinne tana firamare. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana cike ramukan titunan jihar nan, shi ya sa yake cewa duk ramin da Mabel ta faɗa, ba a layinsa yake ba. Da Corinne ta samu gurbi a jami'a, aka zauna aka duba kuɗin ɗakin kwanan ɗalibai da na abincin da ake tilasta musu saye, aka ga ya kusa kamo kuɗin karatun kansa. Doka ta yarda ɗalibi ya zauna gidan iyayensa idan bai wuce mil hamsin ba. Ashgrove mil arba'in da uku ne. Ranar nan Dale ya miƙa wa 'yarsa makulli, Mabel ta shiga jami'a ba tare da ta cike takarda ba.

Duk wanda ya san marigayiya ya san mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Ita ce ɗakin kwanan Corinne tsakanin aji da aji, ita ce ɗakin cin abincinta, ita ce ɗakin karatunta. A kujerar baya aka haddace sunayen ƙasusuwan ɗan Adam kaf, a kan sitiyari aka ci burodi da man gyaɗa na shekara uku da rabi. Ba ta taɓa neman sabon fenti ba. Ƙofar direba ta daina buɗuwa ta waje tun bara waccan, ba ta kai ƙara ba, ta bar Corinne tana shiga ta ɗaya gefen. Kullum da safe takan gaishe da gida da kirr, kirr, kirr, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce tuf, ta tashi. A hawan tudun da ke bayan cocinmu takan ce ƙas-ƙas-ƙas har ta kai sama. Muryarta ba daɗi, amma mun saba da ita, yanzu kuma shirun ya dame mu.

Ciwon ajalin ya fara ne a shekara ta biyu, lagireto ya soma yoyo. Corinne ta tara kuɗin gyara daga aikin da take yi Asabar da Lahadi a gidan kula da tsofaffi, sai wasiƙa ta zo cewa majalisar jiha ta rage abin da take ba jami'a, don haka an ƙara kuɗin karatu. Mabel ta haƙura da galan na ruwa a but. A shekara ta uku giya ta fara zamewa. Aka sake tarawa, sai ga sabon kuɗi mai suna na walwalar ɗalibai, wanda da shi aka gina wani kogin wasa mai ruwan ɗumi da ke zagaya kansa a cikin gini, da bangon da ake hawa da igiya don nishaɗi. Corinne ta biya, har yau ba ta tsoma ko yatsa a kogin ba, domin lokacin da ake buɗe shi tana asibiti tana juya marasa lafiya. Sau huɗu aka ƙara kuɗi a shekara huɗu. A tsakanin nan jami'a ta yi sabuwar ƙofar shiga ta dutse, ta naɗa sababbin mataimakan shugaba har uku, kowanne da ofis da wurin ajiye mota mai rumfa. Ba ƙyashi nake ba. Ina dai faɗa ne don a san cewa kuɗin maganin Mabel bai ɓata ba, an san inda yake.

Ranar da abin ya faru, Corinne ta fito daga aji ta murɗa makulli. Mabel ta ce kirr sau ɗaya, a hankali, ba ta ƙara ba. Kowa ya san filin na shida a jajibirin wasan ƙwallo. Ƙarfe shida na yamma sai ya zama fayau, domin washegari na manyan tsofaffin ɗalibai ne masu ba da gudummawa, su kafa rumfuna su gasa nama kafin wasa. Corinne ta sani sarai. Ta buga wa mai janwe, ya ce dala ɗari da ashirin zuwa Ashgrove. Sai ta kira mahaifinta, tana kallon sauran motoci suna fita ɗaya bayan ɗaya.

Dale bai taɓa biyan wani ya ja masa mota ba, bai kuma taɓa kai Mabel wurin bakanike ba. A gidanmu abin kunya ne, haka mahaifinmu ya rene mu. Ya sa ta kanga waya a jikin bonet ta sake murɗawa, ya saurara, ya ce ƙaramin abu ne, minti ashirin zai ɗauke shi.

"Kada ki ba kowa sisinki, 'yata. Ki rubuta takarda ki maƙala a gilashi, ki ce mota ta lalace, mai ita na zuwa da sassafe. Ai mutane ne ke aiki a wurin, za su karanta."

Corinne ta san ba mutane ne ke karantawa ba, na'ura ce ke ɗaukar lamba. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ji yadda muryarsa ta cika da jin daɗin cewa har yanzu akwai abin da zai iya yi mata. Ta rubuta takardar da kyakkyawan rubutu, ta ƙara da godiya a ƙasa, ta bi wata 'yar ajinsu mai suna Yolanda zuwa gida. Wannan shirun da ta yi shi ke cin ta har yau.

Ƙarfe bakwai na safiyar Asabar na sauke Corinne da mahaifinta a bakin filin, Dale riƙe da akwatin kayan aikinsa. Tuni an janye motar. Inda Mabel ta kwanta, rumfa ce mai launin jami'a, da wani mutum mai hular wasa yana juya haƙarƙarin alade a kan garwashi. Mutumin kirki ne ma, har ya yi musu tayi. Ɗigon man Mabel yana nan a ƙasa, daidai ƙarƙashin teburinsa. Dale ya tsaya yana kallon ɗigon, ya ce da mai gadin filin shekara talatin da ɗaya yana biyan harajin jihar nan, kuma kwaltar da suke tsaye a kai ma mai yiwuwa shi ya zuba ta. Mai gadi ya ce ya yi haƙuri, shi ma ɗalibi ne, awa yake yi don ya rage bashi. Dale ya juya da akwatinsa, muka kamo hanyar gida.

Litinin Corinne ta je ofishin kuɗi. Matar da ke bakin taga ta lissafa mata tarar kwana a filin wasa, da kuɗin janwe, da wani kuɗi na rubuta kuɗin. Ta ce tana da damar ɗaukaka ƙara, kwamiti zai zauna nan da mako uku. Corinne ta ce rajista kwana huɗu ta rage. Matar ta ce ta sani, ta sauke murya ta ce ita ma ɗanta haka aka yi masa, sannan ta kira na gaba a layi.

Marigayiya ta rasu ta bar Corinne, wadda saura zango ɗaya ta zama ma'aikaciyar jinya. Ta bar Dale, wanda tun Asabar yake zama a gareji yana kallon wurin da babu kowa. Ta bar taya ɗaya ta safaya, da galan biyu na ruwa, da bashin karatu na dala dubu arba'in da ɗaya, wanda shi kaɗai ne a gidan yake cikin ƙoshin lafiya, kullum yana ƙara ƙiba.

Gawar tana hannun masu tsare motoci a bayan gari, suna karɓar dala talatin kowace rana. Wani ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya je ya duba ta, ya yi tayin dala ɗari shida. Idan masu tsaro suka cire nasu ranar Juma'a, ɗari uku da casa'in za su rage. Corinne ta kakkaɓe abin da take da shi, talatin da biyar. Saura casa'in da biyar. Ta gaya wa mahaifinta kuɗin gawar ya isa har da canji, domin ta san shi. Bara da aka buƙaci kuɗin littattafai, watanni biyu ya yi yana raba ƙwayar maganin zuciyarsa gida biyu, sai da ya faɗi a bakin famfo muka gane. Na ce to ni zan nemo, ko in yi magana a coci. Ta kalle ni da idon ubanta.

"Gwaggo, bashin da ke kaina na mutanen da ba su san fuskata ba ne. Ba zan ƙara da na waɗanda zan riƙa haɗa ido da su kowace Lahadi ba. Ko naki ba na so."

Na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, har yanzu ban san wanda ya fi yawa ba. Ba a karɓar kuɗi, ke nan. Amma a garin nan ba a taɓa mayar da abincin da aka kawo gidan makoki ba, ko a gidan Tackett. Shi ya sa na zauna na rubuta sanarwa.

Za a yi jana'izar Mabel ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe, a filin 'yan gwangwan da ke kan hanyar tsohuwar masaƙa. Dale ne zai sa hannu a takarda ya karɓi kuɗin, ni kuma in wuce da su ofishin kuɗi in jira a bakin taga. Mai mamaciyar ba za ta samu halarta ba. An gaya wa Dale tana da aji. Gaskiyar magana, Yolanda za ta kai ta wurin da ake sayen ruwan jini, inda suke ba sabon zuwa dala ɗari. Ta je ranar Talata, suka soki yatsanta suka gwada, suka ce jininta ya yi ƙasa, ta je ta ci abinci ta dawo. Laraba da Alhamis tana asibiti daga safe har yamma, ba a fashi. Juma'a ce kaɗai ta rage, kuma gwaji ɗaya za su yi.

Don haka iyalai na roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su kawo furanni. A kawo hanta, da jan nama, da wake, da alayyahu, daga yau zuwa yammacin Alhamis, a ajiye a kicin a ce na makoki ne. Dale ba ya karanta irin waɗannan sanarwowi. Don Allah kada wanda ya karanta masa.