Cindo da Tautau Mai Halwa

A ƙauyenmu akwai wani Cindo, mutumin da in ka ce masa ya ja bakinsa sai ya sa hannu ya ja. Yana zaune da matarsa Tabawa, wadda haƙurinta ya daɗe da ƙarewa. Ƙanensa Sadisu kuwa yana nazarin ƙwari a jami'a, kuma shi ya fi ba ni haushi, don duk garin nan ya rasa wanda zai bar wa amana sai Cindo. Amanar ma ta wani ƙaton tautau ce, baƙi mai gashi, a cikin akwatin gilashi da ƙasa.

"Yaya, in ya mutu karatuna na bana ya mutu," in ji Sadisu da zai tafi. "Ka riƙa jefa masa gyare, ka sa masa ido."

Wata rana wari ya ishi Tabawa a ɗaki. Ta leƙa akwatin, sai ga idon akuya ya kumbura, ƙuda na bi. Ashe Cindo har wurin mahauta ya je ya sayo.

"Cewa ya yi in sa masa ido," in ji shi. "Nawa kuma ina amfani da su."

Wata rana kuma Tabawa ta gan shi yana yi wa tautau fifita, alhali ita ko sannu bai taɓa ce mata ba a bakin murhu. Takaici ya sa ta ce, "Maigida, saura ka yanka masa zakara." Kafin ta dawo daga rijiya zakaranta ɗaya tilo ya sha wuƙa. Ta yi kuka, ta yi faɗa, shi kuwa yana ta mamakin mace ta ba da shawara kuma ta dawo tana fushi.

Wata rana tautau ya shige raminsa, ya toshe bakin da ƙasa da saƙarsa. Shiru, shiru, har aka fara ƙirga makonni. Tabawa ta ɗauko cokali ta ce a tone, mushe ne. Cindo ya ruga wurin tsoho Barau mai faci, wanda ba ya raina abin tsokana.

"Baba, ya rufe ƙofa, ba ci ba sha."

"To, ƙila halwa ya shiga," in ji Barau, yana danne dariya.

Shi ke nan. Mai halwa ba a damunsa da abinci ko hayaniya, don haka Cindo ya kwashe gyaren da ke ciki, ya lulluɓe akwatin da mayafin Tabawa na unguwa, ya hana daka a gidan. Baiwar Allah sai maƙwabta take kai turmi, saboda ƙwaro. Ni kaina na je in yi magana, ya tare ni da sanda ya ce in rage murya.

Da Sadisu ya dawo ya yaye mayafin, sai ya ga tautau a ƙudundune a bakin rami, ba motsi. Can sai ga wani ya leƙo daga ciki, ya fi na da girma, yana sheƙi. Na wajen fata ce kawai.

"Saɓa ya yi," in ji Sadisu. "Jikinsa danye ne a lokacin. Da an tone, ko gyare ya cije shi, da ya mutu. Yaya, wa ya gaya maka?"

Cindo bai ko dube shi ba. Ya ɗauki fatar da hannu biyu, ya miƙa wa matarsa.

"Malam ya fito, ya canja riga. A wanke masa wannan."