Ranar da Na Zama Kura a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar marka a Matameye ba, ko da furfura ta gama cinye kaina. Lokacin da kuɗin wuri ake ciniki, Nasara bai ko leƙo ƙasar Damagaram ba. Ni kuwa ina matashin baduku, hannuna ya iya ɗinkin fata, bakina ya fi hannun iyawa. Kullum a zaure sai in ce rainon yara ba aiki ba ne, mata ne kawai ke kambama shi. Baki shi ke yanka wuya.

Ƙanwar matata ta haihu a wata unguwa, tsohuwata kuma ta tafi Yauri, don haka da safe uwar yara, da za ta tafi wajen mai jegon, ta tsaya a bakin ɗaki tana kallona kamar mai shirin ba wa akuya ajiyar dusa. Yaranmu biyu ne. Akwai 'yar fari mai shekara huɗu (ba na kiran sunanta saboda kunya, "ke" nake ce mata), sai Ɗanlami da ba a daɗe da yaye shi ba, mai gudu kamar zabo.

"Maigida, kududdufin bayan gida ya cika ya batse," in ji ta. "Yaron nan in ya ga ruwa ba ya ji ba ya gani. Don Allah kada su fita."

"Je ki abinki," na ce. "Yara biyu ne fa, ba garken shanu ba."

Tana fita ruwa ya sake saukowa. Na ja asabari na rufe ƙofa, na zauna na gyara murya zan yi tatsuniya. Yarinya ta ce Inna ta hana tatsuniya da rana. To. Na ɗauko kara na fere mata 'yar tsana, har da ɗan zane na guntun jar fata. Ta yi murna, Ɗanlami ya fizge ya cire kan ya sa a baki. Kuka. Na yi masa dokin kara, ya ɗauka ya kwaɗa wa yayarsa a goshi. Wani kukan. Nan na gane matsalar: abin da ke burge babbar, ƙaramin ɓata shi yake yi, abin da ke sa ƙaramin dariya kuwa ita ta wuce shi.

Kiɗa ne kaɗai ya haɗa su. Na kife babban masakin uwarsu, wani tsoho mai ɓallin baki, na ba kowa ludayi. Suka yi ta duka suna tsalle, kaina yana sarawa, amma dai babu mai kuka. Har na fara tsara yadda zan ba da labari a zaure.

Da kiɗa ya ishe su sai yarinya ta ce a yi wasan gida, ni ne Inna. Ta jawo zanen saƙi na uwarta, wanda mahaifinta ya ba ta lokacin aurenmu, ta ce in ɗaura. Na duba, ba kowa sai mu da Allah. Na tuɓe riga na ɗaura, har da kallabi. Can kuma ta ce a'a, yanzu ni kura ce da ta cinye Inna ta sa kayanta. Ta lakato baƙin tukunya ta shafe min fuska. Na durƙusa da hannu da gwiwa ina gurnani, Ɗanlami yana ƙyalƙyata dariya har yana faɗuwa. (Kada ka yi min dariya tukuna, mai karatu, ba mu kai wurin ba.)

Ni da kaina na kawo shawarar ɓuya. Na ce mata, "Ke, ɓoye ƙanenki, ki ɓuya. Kada ki gaya wa kura inda yake, ko ta roƙe ki, ko ta yi kuka." Na juya na kifa goshina a bango na rufe ido. Ruwa yana sauka a kan jinka a hankali, ɗaki da ɗumi, ga gajiya. Wallahi ƙiftawa ɗaya na yi niyya.

Da na farka ruwa ya tsagaita. Yarinya na gan ta nan take, ƙafafunta sun leƙo daga ƙarƙashin gadon kara. Ɗanlami fa? Na duba bayan tulu, na ɗaga tabarma, na zazzage kwandon auduga. Babu. Sai idona ya kai ƙofa, na ga asabari ya karkace, iska tana kaɗa shi.

"Ke, ina ƙanenki?"

Ta toshe baki da hannu biyu tana dariya.

"Wasa ya ƙare, gaya min!"

Ta girgiza kai. Na roƙe ta, kamar in yi kuka, ita kuwa ta ɗauka kura ce ta ƙware a wasa. Ban ƙara tsayawa ba. Na tsallake masaki na yi waje, ba abin da nake gani a zuciyata sai kududdufi.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Na faɗa ruwan nan har ƙirji ina lalube cikin taɓo, ina kururuwa, "Jama'a ku taimaka! Ɗanlami!" Tsoro irin na ranar ban taɓa jinsa ba, kuma ba na fatan maƙiyina ya ji shi. Maza suka fito daga zaurukan da suka fake, biyu suka shigo ruwa tare da ni. Sauran suka yi cirko-cirko a baki, sun rasa ko salati za su yi ko dariya.

Ina ɗagowa in sha iska sai na ga jaki a bakin kududdufi. A kansa surukina ne, Malam, ya taso daga Icirnawa zai je barkar haihuwa, ya biyo ya ga jikokinsa. Mutumin da in na hango shi daga nesa nake tuɓe takalmi in tsuguna, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ga ni a gabansa fuska baƙi ƙirin, kallabi ya zamo kan kunne ɗaya, zanen da ya saya wa 'yarsa ya manne min a jiki.

Ya tambayi maƙwabcina abin da ya faru, ya sauka ya shiga gida da sauri. Na bi shi ina ɗigar ruwa. Ya tsuguna gaban yarinya, da yake akwai wasa tsakanin kaka da jika, ya ce, "Amaryata, ina kika kai min ƙaton nan?"

"Baba ya ce kada in gaya wa kura."

"To dube ni da kyau. Ni kura ne?"

Ta dube shi, ta dube ni, ta miƙa yatsa ga masakin da na tsallake. Malam ya ɗaga shi. Ga Ɗanlami ya dunƙule yana sharar barci, hancinsa daidai ɓallin da iska ke shiga, ludayi a hannu.

Na zube a ƙasa na rungume yaron ina hamdala, hawaye suna wanke baƙin tukunya. A wannan lokacin ko duk Matameye za ta taru a kaina ban damu ba, ɗana yana numfashi a ƙirjina. Kunyar sai da ta bari na natsu sannan ta zo, ta kuwa zo da kayanta.

Malam ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Suruki ba ya wasa da suruki, don haka bai dube ni ba. Jikarsa ya duba ya ce, "Amaryata, in kura ta huce, ki ce ta wanke wa 'yata zanenta."

Kafin la'asar labari ya riga uwar yara isowa gida. Ta tarar da ni ina shanya zane, ta tambaya a hankali, "Maigida, ya garken shanu?" Na ci gaba da shanya zane. Shekara da shekaru ana kirana Kura Mai Zane a kasuwa, har Ɗanlami ya girma ya yi 'ya'ya yana jin sunan.

Tun daga ranar na bar cewa raino ba aiki ba ne. In kuma aka bar min jikoki yanzu, muna kiɗan masaki har kai ya sara, amma ba na kafa wa yaro dokar da ni zan fara roƙon a karya, kuma da rigata nake wasa.