Rasuwar Shafin 'Yan Kankana na Zuba

Jama'ata, masu data da masu laɓe a wayifayin maƙwabta, barkanku da war haka. Ku matso kusa, yau labarin kisan gilla na kawo muku, kuma da rana tsaka aka yi shi.

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga mai cike da ruwan kankana, Oga Badaruddeen, sakataren wata ƙungiyar 'yan kankana da abarba a kasuwar Zuba, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar shafin intanet ɗin ƙungiyar. Marigayin ya rasu ranar Alhamis bayan azahar, yana da shekara goma sha shida, sakamakon yanka, sara da duka.

Oga Badaruddeen ne ya haife shi da yatsunsa goma, layi bayan layi, da wani yaren rubuta shafuka da ake kira XHTML. Wanda bai san yaren nan ba, ya ɗauka tsohon soja ne aka ba gadin makaranta. Dokarsa ɗaya: duk abin da ka buɗe sai ka rufe shi, kuma a inda ya dace. Sauran shafuka in ka yi musu shirme sai su kau da kai su ci gaba da aiki. Marigayi ba ya kau da kai. Kuskure ɗaya, sai ya ƙi nuna komai, fuskarsa ta koma ruwan ɗorawa, ya rubuto maka laifinka da jan rubutu har da lambar layi.

Amma jama'a, mutumin kirki ne. Ba shi da nauyi, ba ya cin data. Manomi a Tungan Maje da ƙaramar wayarsa mai ɗaurin roba, netwok sanda ɗaya, zai buɗe shi ya ga motar da ta iso da farashin safe kafin ya gama kurɓar koko. Bai taɓa faɗin farashin ƙarya ba. Bai taɓa tallan maganin ƙarfin maza ba.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da Alhaji Zakariyya ya ci zaɓen ciyaman. Kun san yadda ake yi: sabon ciyaman sai hotonsa ya hau kalanda, ya hau bayan mota, ya hau ledar biki. Alhaji ya ce a shafi ma yana so, kuma ba hoto kawai ba, hoto mai juyawa, furanni suna zubowa, kiɗa yana tashi. Oga Badaruddeen ya ce hoto zai sa shi a tsanake, amma kiɗa da furanni za su shaƙe wayar manoma. Alhaji ya ce ba shawara ya nema ba, ko ya ga kansa yana juyawa kafin la'asar ɗin Alhamis, ko mukullin ofis ya koma hannun Kingsley, mai buga fasta daga Jabi, wanda ya rantse aikin minti biyar ne.

Ranar Alhamis Oga yana tsakiyar aiki aka kira azahar. To a nan ne mutumin da ya yi shekara goma sha shida yana rufe duk abin da ya buɗe ya yi abin da kowane ɗan Zuba ke yi. Ya yafa wa laftof ɗinsa buhu kamar tulin abarba, ya ce wa Friday direba ya sa masa ido, ya ɗauki buta. A kasuwa buhu ya isa, babu mai ɗaga buhun wani. Kingsley ba ɗan kasuwa ba ne. Friday kuma idon ya sa kamar yadda aka ce masa, daga farko har ƙarshe yana kallo.

Kingsley ya ɗage buhu, ya tarar da ƙofar shafin a hangame. Ya kwaso tarkacen furanni da kiɗa daga wani wuri ya cusa wa marigayi a ciki da ƙarfin tsiya. Marigayi ya ƙi haɗiya. Nan take ya yi ɗorawa, ya furta da jan rubutu cewa a layi na ɗari biyu da sha ɗaya an buɗe abu ba a rufe ba. Kingsley ya sare layin. Marigayi ya nuna wani. Ya sare shi. Daga nan fa zufa ta karyo masa, ya koma mahauci: ya datse jerin motoci, ya farke farashi, ya fille wa shafin kai, yana yanka yana adanawa, har allo ya koma fari fat kamar likkafani.

Oga ya dawo da buta a hannu ya ga aika-aika. Duk da haka numfashi bai ƙare ba, domin akwai kwafi mai lafiya a cikin laftof ɗin. Sai dai tsohuwar na'urar ta ɗau zafi ta daskare, tana nishinta da muka saba ji, fuuu, fuuu. Oga ya roƙi a ba ta minti biyu ta huce. Alhaji, wanda ya shekara talatin yana gane lafiyar kankana da mari, ya ce a matsa ya ji cikinta. Ya zabga mata ɗaya, ya kara kunne. Ya ce akwai sauran rai, ya ƙara biyu. Ta ce ƙas, ƙas, ƙas.

Butar Oga ce ta fara sauka a ƙeyar Kingsley. Kingsley ya rarumo abarba ta wajen ganye ya yi majajjawa da ita, ta wuce Oga ta sami Alhaji a kunne, hula ta yi gabas. Kafin ka ce me, rumfa ta kaure, benci ya karye, wani ya ciji wani a kafaɗa, har yau ana neman mai haƙoran. A cikin wannan yamutsi Friday ya ɗaga kankana mafi girma a tulin, wai zai raba faɗa da ita. Ya taka ɓawo. A kan laftof ta sauka. Ja ya fantsama har kwanon rumfa, maɓallai suka tarwatse kamar haƙoran ɗan dambe, na'urar ta yi wani siririn tsiii, shi ke nan.

Aka tuna da filashin ajiya, inda Oga ya adana wani kwafin shafin. Friday ya sunkuyar da kai ya ce tun watan jiya ya are shi, ya wanke shi tas ya zuba waƙoƙin hanyar Kaduna.

Marigayi ya rasu ya bar caja mai ɗaurin salatif, linzamin kwamfuta mai ido ɗaya, manoma sama da ɗari uku da yanzu sai sun hau acaɓa sun zo tambayar farashi, da kuma mahaifinsa da kumburarren leɓe. Magajinsa, wanda Kingsley ya haɗa, ya riga ya hau gado. Alhaji yana juyawa, furanni suna zuba, farashin kankana kuma yana zaune a gurbin abarba, babu wanda ya yi ɗorawa.

Da la'asar Oga ya kashe fanka, ya ja taga, ya sa kwaɗo, ya girgiza shi sau biyu, sannan ya ɗora mukulli a tafin Alhaji. Abin da ya ce ke nan: "Alhaji, wannan dai na rufe."

Za a ɗauki gawar, wato ragowar laftof ɗin, ranar Asabar da ƙarfe goma a bayan motar Friday, wanda ya ce ko sisin mai ba zai karɓa ba, zuwa wajen 'yan gwangwan. Ba za a yi wanka ba, kankana ta riga ta yi. Zaman makoki a ƙarƙashin bishiyar mangwaro ta bakin rumfa, kowa ya zo da bencinsa, an hana shigowa da abarba.

Saura magana ɗaya. Kingsley ya aiko, wai yana so ya zo gaisuwa, kuma zai buga wa marigayi fasta kyauta. Oga dai sabuwar buta ya saya, ta ƙarfe. Ku da kuna wajensa, za ku shimfiɗa wa Kingsley tabarma, ko za ku cika butar?