Ranar da Alhaji Maje Ya Hana Barci

Duk wanda ya ce ya zauna Gyaɗi-Gyaɗi a shekarun nan da kuɗin fetur suka fara shigowa, amma bai san Alhaji Maje ba, to ba zama ya yi ba, wucewa ya yi. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sani, har ta yi masa yawa yana rabawa kyauta, ko ka nema ko ba ka nema ba. In ka ce masa ina kwana, kafin ya amsa sai ya bayyana maka yadda ake kwana a ƙasashen da suka ci gaba. A ofis babban akawu ne. A unguwa kuwa shi ne likita, shi ne lauya, shi ne injiniyan kwata. Da gwamnati ta ga irin wannan ƙwaƙwalwa na neman narkewa a zafin Kano, sai ta tura shi kwas Landan, ya koyo yadda ake jera fayil a kan kanta. Ya tafi da Hajiya Kubura da yara, don kada wayewar ta tsaya a kansa shi kaɗai.

Dawowarsa ta faɗo daidai shekarar da aka ce za a yi zaɓen kansiloli. Dattawan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni sun sa rana, bayan la'asar za su zauna a ƙofar gidan mai unguwa a Tarauni su tsayar da mutum ɗaya wanda kowa zai mara wa baya. Masu nema biyu ne. Ga Alhaji Maje, ga kuma Tanko mai injin niƙa, wanda iyakar tafiyarsa a duniya Wudil ce, ita ma ranar kasuwa. Alhaji da gangan ya zaɓi jirgin da zai kwana a sama ya sauka da asubar ranar taron, don ya shiga gaban dattawa da ƙanshin jirgi a jikinsa. In an ji wannan ƙanshin, wa zai tsaya shinshina ƙurar gero?

Ya sauka cikin kwat da rigar sanyi da safar hannu, agogo biyu a ɗaure. Na dama lokacin Landan, na hagu lokacin Kano. In ka leƙa da kyau, tazarar da ke tsakaninsu ba ta isa a dafa wake ba, amma ka kuskura ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ce, "Na ina?" Kafin hantsi samarin unguwa sun raɗa masa Agogo-Biyu.

Ko takalmi bai cire ba ya tara iyali a tsakar gida.

"Ku buɗe kunne. Akwai wata cuta ta manyan matafiya, Turawa na ce mata jetilag. Ba ta kama wanda ya hau akori-kura, ta masu jirgi ce. Jikinka ya sauka a Kano, barcinka yana can Landan bai sami kujera ba. Maganinta ɗaya tak: ranar sauka ba a runtsawa sai an idar da isha'i. Wani Bature da muka zauna kusa da juna shi ya faɗa mini, ni kuma na gyara masa inda ya yi kuskure."

Hajiya Kubura ta ce, "Alhaji, yaran nan fa tun jiya idonsu biyu. Ni kaina juwa nake gani."

"Juwar nan ita ce alamar magani ya fara aiki."

Shi ma gogan bai runtsa ba a jirgi, ya kwana yana yi wa Baturen nan bayanin Nijeriya. Baturen tun suna saman teku ya yi barci, Alhaji bai lura ba sai da aka zo sauka.

Doka ba ta tafiya sai da ɗan sanda, don haka ya kira Gwaggo Huraira, ƙanwar mahaifinsa, ya danƙa mata buta cike da ruwan randa, ya ce duk wanda ta ga ya langaɓe ta yayyafa masa. Gwaggo ta daɗe tana jiran a ba ta mulki a gidan nan. Ta karɓi buta da hannu biyu.

A zaure kuwa an shimfiɗa tabarmi har waje, gindin dalbejiya. Jama'a sun zo sannu da hanya, baki na gaisuwa, ido na kan akwatunan da aka jibge a kusurwa. Alhaji ya ce tsaraba tana nan, amma sai an fara karɓar tsarabar ilmi. Ya ba su labarin jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, da ƙanƙarar da ke zubowa kamar an barbaɗa gari, da yadda 'yan sandan can ke gaishe shi.

"Idan na hau kujerar nan, kwatar Gyaɗi-Gyaɗi sai mutum ya zauna ya sha shayi a bakinta. Tarauni kuwa, baƙo zai shigo ya tambayi ina ake buga biza."

Aka ce, "Allah ya nuna mana, Alhaji." Aka ƙara duban akwatuna.

Rana ta yi tsaka. Gumi na bin kwat, ido ya yi ja kamar an zuba masa barkono. Alhaji ya sha kofi, ya tauna goro, ya ƙara kofi. Ya fito da babbar rigarsa fara sol, wadda zai sa zuwa taro, ya rataye a ƙusa inda kowa zai gani. Bayan azahar maƙwabta suka aiko da tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya sanar da cewa matafiyi mai ilmi ba ya cin abu mai nauyi ranar sauka, zai ɗanɗana ne kawai saboda haƙƙin maƙwabtaka. Ya ɗanɗana har aka ga gindin kwano. Aka kawo fura da nono, ita ma ya ba ta haƙƙinta.

"Bambancin mai ilmi da wanda ba shi da shi," in ji Alhaji, yana kishingiɗawa don ya nuna musu yadda Turawa ke zama a lambu, "shi ne mai ilmi yana mulkin jikinsa. Ni in na ce wa idona tsaya, to ya tsaya ke nan. Domin barci, a ilmance..."

Jama'a suka jira su ji mene ne barci a ilmance. Ba su ji ba, gani suka yi.

Wani ikon Allah, mutumin da a farke bakinsa ba ya hutawa, a barci ko minshari babu. Ya miƙe samɓal, baki buɗe, ƙudaje suka fara kawo tasu gaisuwar. Audu tela, don rufin asiri, ya zaro farar rigar nan daga ƙusa ya lulluɓe shi tun daga kai har ƙafa. Tashin babban mutum rashin ladabi ne. Tafiya kuma kafin a buɗe akwati asara ce. Sai kowa ya sunkuyar da kai ya yi shiru, ga zafi ga tuwo, ɗaya bayan ɗaya suka bi sahun maigida.

A cikin gida labari bai kai wa Gwaggo cewa mai doka ya faɗi ba. Aikinta take yi bil haƙƙi. Ƙaramin yaron ya kife a kan kwanon abinci, ta yayyafa. Yayyensa suka ɓuya bayan randa, ta bi su ta yayyafa. Hajiya ta jingina da bango, ita ma ta sami rabonta. Yara suka ɓarke da ihu, Hajiya ta fashe da kuka, matan da suka zo barka suka ɗauki salati.

Daidai nan Ɗan'azumi wanzami ya biyo a kan kekensa. Ya ga maza zube a tabarma, kai ƙasa, ba mai motsi. Ya ji kukan mata da salati. Ya hango cikin zaure, ga mutum miƙe an rufe shi da fari. Ɗan'azumi bai sauka ba. A rayuwarsa ba a taɓa riga shi kai labari ba, ba kuma yau za a fara ba. Ya yi innalillahi a kan sirdi, ya taka sai Tarauni.

Dattawa sun hallara suna jiran Alhaji, sai ga labarinsa ya zo a madadinsa. Daga nan yabo ya ɓalle. Wannan ya ce mutumin kirki ne. Wancan ya ce bai taɓa yi wa kowa rowar sani ba. Wani ya ce unguwa ta yi rashin da ba za a maye ba. Tanko mai injin niƙa ya fi kowa share hawaye. Mai unguwa ya ce rai na Allah ne, amma jama'a sun taru, magana kuma ba ta kwana. Tunda mai nema ɗaya ya rage, aka tsayar da Tanko, liman ya yi addu'a, aka shafa Fatiha. Sannan aka biya masallaci aka ɗauko makara, aka ɗunguma zuwa Gyaɗi-Gyaɗi.

Takun ƙafafu ne ya farkar da Alhaji. Ya ɗaga gefen riga ya leƙa. Me zai gani? Mai unguwa, liman, dattawan unguwannin biyu, jama'a har bakin titi, kowa fuska a sunkuye cike da ladabi. Har Tanko na gaba-gaba, ido jajur. Zuciyar Alhaji ta yi fari. Wato ba su ma jira ya je ba, su suka tako har gida, abokin takara kuma ya zo miƙa wuya. Ai dama.

Ya yunƙura ya miƙe tsaye, farar riga na zuba daga kafaɗa, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, na san za ku zo!"

Sahun gaba ya koma sahun baya. Masu makara suka sake ta a ƙasa. Ɗan'azumi ya bar keke ya haura katangar maƙwabta, liman ya tafi da takalmi ɗaya. Masu jiran tsaraba suka farka a gigice, ganin kowa na gudu su ma suka runtuma, ba su san abin da ya koro su ba.

Alhaji bai fasa ba. "Kada kwarjini ya firgita ku. Na karɓi wannan nauyi da kuka ɗora mini, kuma kamar yadda ake yi a Landan..."

Mai unguwa kaɗai ya tsaya, shi ma don gwiwa ba ta gudu. Ya ƙare wa Alhaji kallo, ya dubi makara, ya taɓa hannunsa ya ji da ɗumi.

"Alhamdu lillahi, Alhaji. Ashe barci ne."

"Barci? Ni? Nazari nake."

"To, madalla. Sai dai muna can aka ce mana ka cika. Mun ba Tanko, an shafa Fatiha, ka san kuma ba a kwance ta."

Alhaji ya dubi agogon dama, ya dubi na hagu.

Mai unguwa ya dafa kafaɗarsa, cikin tausayi. "Amma da ka ji irin yabon da aka yi maka ɗazu, wallahi da ba ka tashi ba."