Dukiyar Kaka a Gindin Tsamiya

Har gobe ina nan kan bakana: laifin wasiƙar ne, ba nawa ba.

A makon ne na gama karanta wa ɗalibaina a Makarfi wani littafin yara, labarin wasu 'yan'uwa da suka bi tsohuwar takarda har suka tono tukunyar zinariyar kakansu. Sai ga ni a gida, ƙauyenmu Furana, muna kakkaɓe akwatin marigayi kakanmu, na ci karo da wasiƙarsa ta ajami zuwa ga ƙaninsa: "Na bar dukiyata a gindin tsamiyar bayan gari, ka kula da ita."

Ban gaya wa kowa ba. Malami guda kamata zai tsaya neman fassara? Na aro diga da shebur, na yi kwana uku ina haƙa. Masu wucewa suna yi mini sannu da aiki, ina amsawa a daƙile.

Rami ya kai ƙirjina sai ga Goggo, ƙanwar babana, ta leƙo. Na karanta mata wasiƙar ina hura hanci. Ta zauna daɓas tana dariya har da hawaye.

"Ɗan nan, boko ya cinye ka! Bafulatani in ya ce dukiya ai shanu yake nufi. Nan yake ɗaure su."

Na ce to, me ya hana shi rubuta shanu?

Ban cike ramin ba, kuma ba zan cike shi ba. Da damina ruwa yake tarawa, garke yakan tsaya ya sha. Duk wanda ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Malam, yi sauri, ga dukiyarka can tana shan ruwa!"