Ɗan Yawon da Ya Ƙi Shagon Kaka

"Lafiya lau, amarya, in ban da abin da kika yi min."

Ko kujera Kaka tela bai nuna wa jikarsa ba. Ita ta buɗe wa shagunan layin shafuka a intanet, sannan don aikin makaranta ta ƙirƙiro wani ɗan yawo a kwamfuta, wanda ke tsallakawa daga shafi zuwa duk shafin da aka nuna masa, ba zaɓi. Inda ya fi yawan faɗawa, nan ne mai daraja. Da sakamako ya fito, Kaka ne na ƙarshe, telan da ya koya wa riƙe almakashi kuwa na ɗaya. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

"Wannan ɗan yawon naki ɗan gidan uban wa ne? Kawo shi in ga idonsa!"

"Ba shi da ido, angona. Kamar kai in za ka zura zare a allura."

"Ji mara kunya! Makaho kika sa ya yi mana alƙalanci? Tun safe nake danna shafina, yatsana har ya kumbura. Ina aka kai wannan?"

"Ko wuni ka yi kana dannawa ba ya shiga lissafi. Sai wasu shafukan sun nuna hanyar naka. Mai yadi shafin tsohon yaron shagonka yake nunawa, mai guga ma haka. Kai wa ke nuna ka?"

"Duk layin nan wa bai san ni ba?"

"Sun san ka da faɗa. Mai yadi ka ce masa ɓarawo, mai guga ka ce gawayi ya fi shi hankali."

"Ƙarya na yi? Kuma ai ɗan yawon ya leƙo ni, na gani!"

"In ya gaji ne yakan yi tsalle ya faɗa ko'ina. Tsautsayi ne ya jefo shi."

"Tsautsayi! Shagona ne tsautsayi? Je ki, na sake ki!"

"Alhamdu lillahi. Sai mu ga mai kwasar tsoho da haƙori biyu."

Kaka ya buɗe baki zai rama, idonsa ya sauka kan keken ɗinki. Tun safe bai taka shi ba, kuma ban da ita ba wanda ya yi sallama. Sai dariya ta ƙwace masa. Ya jawo wani sabon ɗankwali ya jefa mata.

"Ungo, na mai da ke. Ki biya wajen mai yadi, ki ce ina gaishe shi. Amma a hankali, kada tsohon yaron shagon nan nawa ya ji."